Malam Edita, a bar mu mu yi maganar kwanan daji da iyali

Assalamu alaikum Malam Edita, barka da aiki, ya ƙoƙari. Dan Allah a ɗan ba ni fili in sa baki a maganar nan da ake ta yi ta yara da waya, don kusan duk sati sai na ga wani uba ko wata uwa sun rubuto suna kukan yara sun zama kamar kurame a gida, ka yi sallama ba mai amsawa kowa ya duƙufa kan waya. Ni mazaunin jihar Maryland ne a Amurka, yarana huɗu duk a nan suka taso, kuma ciwon nan na sha shi har wuya, ta kai babban ɗana in na masa Hausa sai ya amsa min da Turanci ko kallona bai yi ba. Ba wa'azi na zo yi ba, wani abu ne muka gwada a gidana shekara uku kenan kuma na ga amfaninsa da idona.

Wani dattijo makwabcinmu ne ya sayar min da tsohuwar tirelarsa ta kwana da ƙarfinsa ya fara ƙarewa. To kar mutanen gida su ji tirela su ɗauka irin ta ɗaukar siminti ce, a'a, ɗan ɗaki ne a kan taya wanda ake ƙulla shi a bayan mota a ja, ciki akwai gado da wasu ƙananan gadaje biyu na sama da ƙasa, ga risho mai aiki da gas, ga ɗan firij, ga banɗaki ɗan mitsitsi da tankin ruwa. Maman Amira da farko cewa ta yi Baban Amira mun bar ƙauye mun zo har nan sannan ka ce mu koma kwana a daji da kuɗinmu? Na ce ki bari mu gwada sau ɗaya, in bai miki ba na sayar.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci muka kama hanyar gandun dajin Shenandoah a jihar Virginia, tafiyar awa biyu da wani abu daga gidanmu. A wannan tafiyar na koyi abin da nake so duk mai sha'awar jan tirela ya ji da kyau, don rai ake magana. Mun lafta kaya masu nauyi, kula da jarkokin ruwa, duk a can bayan tirelar, muna hawa babban titi wata babbar mota ta wuce mu sai na ji bayan motata yana rawa, tirelar tana wutsil-wutsil hagu da dama, wallahi ban san sanda na fara salati ba. Allah ya taimaka na cire ƙafa daga totur a hankali ban danna birki da ƙarfi ba har ta nutsu. Ashe ƙa'ida ita ce nauyi ya fi yawa a gaban tayoyin tirela, kusan kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na nauyinta ya sauka a kan ƙugiyar da ta haɗa ta da mota. Kuma kowace mota akwai iyakar nauyin da kamfani ya rubuta za ta iya ja, a duba littafin mota kafin a sayi tirela, kar a yi ganin ido. Ribas da ita kuwa sai an koya, ka juya sitiyari nan ita ta tafi can, na yi Asabar biyu ina gwadawa a wani fili da ba kowa kafin hannuna ya faɗa.

Shi gandun titi ɗaya ne ya ratsa shi a kan tsaunuka, Skyline Drive, tsawonsa mil 105 kuma ba a wuce gudun mil 35 a awa, saboda barewa na tsallakawa ko ina. In ka shigo ta ƙofar Thornton Gap ka yi kudu akwai wata hanya da aka huda cikin dutse, tsayinta ƙafa 12 da inci 8 ne kacal, dole ka san tsayin tirelarka kafin ka je. Mu a Big Meadows muke sauka, wajen mil na 51. Ta intanet ake kama wuri a Recreation.gov, ana buɗewa tun saura wata shida, kuma na watan Oktoba lokacin da ganye ke komawa ja da ruwan ɗorawa kafin ka ankara an kwashe. Abin da za a ba ka ba wani abu ba ne fa, ɗan fili ne mai lamba, teburin katako, da murhun ƙarfe na hura wuta, ga famfo da banɗakuna na kowa da kowa a kusa. Ba wutar lantarki da za ka jona. Ƙarfe goma na dare kowa ya yi shiru har shida na safe. Ba a barin abinci a waje saboda baƙar dabbar nan beya, tana jin ƙanshi daga nesa, kuma ba a shigo da itace daga wani gari sai wanda hukuma ta tantance don akwai wani ƙwaro da ke ɓuya a itace yana kashe musu bishiyoyi. Kaska ma akwai ta cikin ciyawa, tana sa wata cuta da ake kira Lyme, duk yamma sai uwarsu ta duba jikin yaran ɗaya bayan ɗaya.

Amma abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne daren farko. Sabis ɗin waya a wurin sai a hankali, ya zo ya ɗauke, yara suka yi ta ɗaga waya sama har suka gaji suka ajiye. Aka fara ƙorafin an gundura, na ce to ku zo ku taya ni hura wuta. Ɗan shekara goma sha huɗu bai taɓa jera ƙirare ya hura wuta ba a rayuwarsa, na nuna masa yadda babana ya nuna min a gona, ya yi ta busawa hayaƙi na shiga idonsa yana dariya. Maman Amira ta fito da naman da ta jiƙa da yajin ƙuli tun gida muka yi tsire, muka gasa masara, aka ɗora shayi. Da magariba ta yi muka shimfiɗa tabarma kan ciyawa muka fuskanci arewa maso gabas, don nan alƙibla take daga can, na ja su sallah, isha'i muka yi ƙasaru tunda matafiya ne mu, nan ma sai ga tambayoyi, Baba me ya sa raka'a biyu, wa ya ce a rage, na zauna na musu bayani suna saurare. A gida sau nawa na so in koyar da wannan ban samu kunnen kowa ba.

Da dare ya yi sosai sama ta cika da taurari irin yadda ban gani ba tun barina gida, don a garinmu na Maryland hasken fitilu ya cinye su. Na nuna musu Kaza da 'Ya'yanta tana tasowa daga gabas, na ce haka kakarku take kiranta. Sai kawai uwarsu ta ce ga ta nan ga ta nanku, yaran suka yi tsuru ba su san amsa ba, ni na ce ku ce ta zo mu ji ta. Ta kawo musu Gizo da Ƙoƙi, in ta zo kalmar da ba su gane ba su tsayar da ita, mene ne ƙoƙo, mene ne gauraka, mene ne rumbu. Autarmu ta yi barci a cinyata kafin a kai ƙurunƙus. Malam Edita na juya kaina gefe don kar su ga hawayena. Tun daga ranar duk fita sai an yi tatsuniya kuma dokar ita ce a bakin wuta ba Turanci, yanzu babban in ya kira kakarsa a waya yana iya yin minti goma da Hausa, da gargada amma yana yi.

Na san abin da wasunmu ke cewa a nan, wai wannan harkar Turawa ce, baƙar fata me zai kai shi daji. Ina gane tsoron kuma yana da tushe. A cikin Shenandoah ɗin nan akwai wurin da ake kira Lewis Mountain, mil shida da ɗan wani abu daga inda muke sauka, shi aka ware wa baƙaƙen fata a zamanin wariya ba su da damar kwana a sauran wuraren, sai wajen 1950 aka gama cire wannan shingen. Kuma kafin a kafa gandun a 1935 sai da aka tashi ɗaruruwan iyalai talakawa daga gonakinsu na kan dutse. Na kai yarana Lewis Mountain na ba su labarin. To wurin da wasu suka sha wulaƙanci kafin a buɗe mana shi, mu kuma sai mu ƙi zuwa da kanmu? Sannan wa ya ce yada zango baƙon abu ne a wurin Bahaushe? Kakanninmu fatake da jakuna suke tafiya har Gwanja sayen goro suna kwana zango zango, unguwannin Zango da ke Kumasi da Accra daga nan sunan ya samo asali. 'Yan uwanmu Fulani kuwa gida sukutum suke ɗorawa a bayan sa su tashi.

Ga mutanen gida kuma, ba ina cewa a je a sayi tirela ba ne, na san halin da ake ciki, mai ma ya gagari mutane. Kuma ba zan taɓa ce wa wani ya kwashi iyalinsa ya je ya kwana a dajin Kamuku ko Birnin Gwari ba, kowa ya san abin da 'yan bindiga suka mayar da dazukanmu, kuma wannan na cikin abin da ya fi min ciwo, an raba yaranmu da daji gaba ɗaya har ya zama in an ce daji tsoro kawai suke ji. Amma a wuraren da ke da tsaro akwai abin yi. Ina sakandare aka kai mu Yankari, har yau ina tuna ruwan Wikki, garai-garai kana ganin yashin ƙasa, ɗuminsa digiri 31 rani da damina, ga giwaye ga gwanki ga gogo suna yawo. An ware dajin tun 1956, aka buɗe wa jama'a a 1962, ya zama na tarayya a 1991, ya dawo hannun jihar Bauchi a 2006. Abin da na lura a Amurka, mafi yawan waɗanda muke kwana kusa da su ba masu kuɗi ba ne, malaman makaranta ne da makanikai da nas-nas, da yawa ma tanti kawai suke kafawa. Abin da gwamnati ta musu shi ne fili mai tsafta da ruwa da banɗaki da ma'aikatan gandu masu zagayawa, da kuɗin kwana da bai kai na otal ba ko kusa. Da yawa daga hanyoyin ƙafa da wuraren kwana na farko na Shenandoah ma matasa marasa aikin yi ne suka yi su, ƙarƙashin shirin da shugaba Roosevelt ya ƙirƙiro a 1933 lokacin da tattalin arzikinsu ya karye. Mu da muke da matasa zaune a bakin titi ba adadi fa?

Don haka roƙona ga gwamnonin da ke da irin waɗannan wurare, Yankari ne ko bakin dam ɗin Tiga, a ware fili a katange, a sa famfo da banɗakin maza daban na mata daban da ɗan masallaci, a sa masu gadi na gaske, a yanka kuɗin da ƙaramin ma'aikaci zai iya biya ya zo da tabarmarsa da gidan sauro da tukunyarsa ya kwana biyu da iyalinsa. 'Yan uwana na nan Amurka kuma ba sai kun saya ba, ana bayar da hayar tirela, tanti ma ya isa, kuma duk mai yaro ɗan aji huɗu na firamare ya nemi katin Every Kid Outdoors, da shi motarku za ta shiga gandayen tarayya kyauta tsawon shekarar karatun. Abu ɗaya dai dan Allah, komai sanyi kar a kunna gawayi ko janareta a cikin tirela ko tanti, akwai guba a hayaƙinsa da ba ta wari kuma tana kisa cikin barci.

Mu dai mun riga mun kama wurinmu na Oktoba, kuma bana iyalai biyu daga masallacinmu sun ce za su bi mu. Na gode Malam Edita, Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka, a gaida ma'aikata.

Naku,
Baban Amira, daga Maryland, Amurka