A Daina Raina Matasan Masana Halayyar Ɗan Adam

Ranka ya daɗe Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni fili a wannan jarida mai albarka domin in yi magana a kan wasu ma'aikatan lafiya da jama'armu ba su gama fahimtar aikinsu ba, wato masana halayyar ɗan Adam, musamman matasan da ba su daɗe da kama aiki ba.

Ƙanena ya taɓa faɗawa hannun masu garkuwa da mutane, kuma bayan Allah ya kuɓutar da shi sai barci ya ƙaurace masa, ƙarar babur ta riƙa firgita shi, har ya daina fita kasuwa. Likitan ƙwaƙwalwa ya duba shi ya rubuta masa magani, sannan ya tura mu wurin wata matashiya wadda shekararta biyu kacal da fara aiki. Da kawunmu ya ganta sai ya ce, "Yarinyar da ko ƙwaya ba ta bayarwa, me za ta tsinana masa?" Maganar gaskiya, ni ma abin da ke raina ke nan.

Daga baya na gane cewa masanin halayya ba likita ba ne, kuma rubuta magani ba aikinsa ba ne. Ita wannan baiwar Allah ta yi digiri na farko na shekara huɗu, ta yi bautar ƙasa, ta koma ta yi digiri na biyu a ɓangaren kula da masu lalura, sannan ta samu horo a ƙarƙashin manya, irin wanda ake bayarwa a asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya kamar na Kaduna da Maiduguri da Kware.

Hanyar da ta bi ita ce wadda likitan ƙwaƙwalwa Aaron Beck ya assasa a Amurka cikin shekarun 1960, wadda ke cewa tunanin mutum da abin da yake ji a ransa da abin da yake aikatawa a sarƙe suke, idan aka gyara ɗaya sauran sukan biyo baya. Duk mako takan zauna da shi kusan awa guda. Ba ta matsa masa ya ba da labarin daji tun ranar farko ba. Ta fara koya masa yadda zai daidaita numfashinsa idan firgici ya taso, ta sa ya riƙa rubuta tunanin da ke hana shi barci, su auna shi tare. Bayan haka ne ta sa ya fara fita sannu a hankali, yau ƙofar gida, gobe bakin titi, har ranar da ya hau babur ya je tasha ya dawo.

Abin da ya fi burge ni shi ne da Hausa take aikinta, kuma ba ta taɓa ce masa ya bar addu'a ko zuwa wurin malaminsa ba, hasali ma takan tambaye shi wane zikiri ne ke kwantar masa da hankali. Marigayi Farfesa Malik Badri na Sudan, masanin halayyar ɗan Adam, ya yi gargaɗi tun 1979 cewa kada masana Musulmi su kwaso ilimin Turawa su ɗora wa jama'arsu ba tare da tacewa ba. Irin wannan tacewa ce likitan ƙwaƙwalwa Farfesa Adeoye Lambo ya yi da ya shigo da dangin majiyyata cikin jinya a ƙauyen Aro kusa da Abeokuta tun 1954. Ita ma ta kira matar ƙanena da mahaifiyarmu ta yi musu bayanin yadda za su tallafa masa.

Tun da an sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa a farkon 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ina kira ga gwamnatocin jihohin Arewa su buɗe wa waɗannan matasa guraben aiki a manyan asibitoci, su kuma haɗa kowannensu da gogaggen masani mai duba aikinsa, domin wanda ke sauraren labarin garkuwa da kisa kullum shi ma yana buƙatar mai saurarensa. Ƙanena dai ya koma rumfarsa a kasuwa tun kafin azumin bara.

Wassalam,
Wani malamin makaranta daga Zariya