Zuwa ga Edita: Yaranmu sun san Dubai a waya, ba su san Gwandu da Argungu ba

Assalamu alaikum Malam Edita, ina gaida ka da aiki kai da sauran ma'aikatanka, Allah ya ƙara basira. Dan Allah ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini in faɗi wani abu da ya daɗe yana ci min tuwo a ƙwarya, wanda 'yar tafiyar da nayi a hutun nan da ya wuce ta ƙara taso min da shi.

Ni malamin makaranta ne a Birnin Kebbi, 'yan sakandare nake koyarwa. Ana gab da yin hutu sai na tambayi 'yan ajina, su hamsin da 'yan kai, nace wa ya taɓa zuwa hubbaren Malam Abdullahi ɗan Fodiyo a Gwandu? Hannu uku ne suka tashi, kuma ɗaya daga cikinsu can ne gidan kakanninsa. Nace to gidan tarihi na Kanta da ke Argungu fa? Mutum biyu. Amma waɗannan yaran in ka ce su ba ka labarin dogayen benayen Dubai ko wuraren cin abincin da suke gani a TikTok wallahi sai ka gaji da ji. Abin ya tsaya min a rai sosai, da na koma gida na tambayi ɗana mai shekara 13 sai na tarar shi ma duk kanwar ja ce, to kaga nan ba ni da wanda zan ɗora wa laifi, ni ne ban kai shi ba. Shi yasa da aka yi hutu na ɗauke shi da ɗan ƙanwata muka shiga motar haya, kwana biyu kacal muka yi, kuɗin da muka kashe bai taka kara ya karya ba.

Gwandu muka fara zuwa. Mun sauka da sanyin safiya, kuma ni al'adata ce duk garin da na sauka teburin mai shayi nake fara nema kafin komai, saboda a nan ne zaka ji numfashin gari, wa ya rasu, nawa buhun gero ya kai, wace hanya ce ta lalace, wace ce ba a bi in yamma tayi. Mun samu wani dattijo a kusa da tasha, benci biyu ne da tebur ɗaya an jera gwangwanayen madara da burodi, tukunya na tafasa a kan itace, rediyo na rataye ana jin labaran safe. Ya haɗa mana shayi yana ɗaga kofi sama yana zubowa cikin ɗaya har ya huce ya yi kumfa, yaran sai kallo suke. Yace min “Malam daga ina kuka hito da yara da sassahe haka?” nace daga Birnin Kebbi, hubbare muka zo ziyara. Wallahi Edita sai fuskarsa ta canza, ya ƙi karɓar kuɗin shayin yaran, yace wanda ya kawo ɗiya su ga Malam ai baƙonmu ne duka, ya kira wani yaro yace ya raka mu har ƙofa. Wani manomi da ke zaune a gefe shi kuma ya shiga ba yaran labarin garin tun kafin mu tashi. Wannan duk a kan kofin shayi ɗaya fa, ka gaya min wane otal ne zai yi maka haka.

A hubbaren mun cire takalma, mun yi sallama kamar yadda aka koyar, mun yi wa Malam da sauran bayin Allah da ke kwance a wurin addu'a. Na san akwai 'yan'uwa da suke ɗari-ɗari da irin wannan ziyara, kuma na fahimci tsoronsu, ni ma abin da na fara gaya wa yaran kenan tun a mota, ba a roƙon wanda ke cikin kabari, shi ake roƙa wa gafara, mu kuma mu tuna lahira. In an tsaya a nan ban ga abin gudu ba. Muka samu inuwa muka zauna na ba su abin da na sani, cewa wannan bawan Allah ƙanen Shehu Usmanu ne kuma wazirinsa, da shi aka yi hijira aka yi yaƙe-yaƙen jihadi tun 1804, da Shehu ya raba kula da daula a 1812 shi aka ba yamma, Muhammadu Bello aka ba gabas, bayan rasuwar Shehu a 1817 ya zauna a Gwandu har Allah ya karɓi ransa. Na gaya musu duk da mulki da yaƙi bai ajiye alƙalami ba, tafsirinsa Liya'ut Ta'wili har gobe ana karanta shi a zaurukan malamai da watan azumi. Ɗana ya tambaye ni, Baba to wannan Sarkin Gwandu da fadarsa ke Birnin Kebbi kusa da mu daga nan sarautar ta fito? Nace ƙwarai kuwa. Yayi shiru yana kallon wurin. Wannan shirun nasa ya fi min duk wata jarabawa da zai ci a kan tarihi.

Da rana wata mata ta sayar mana da fura da nono, a gabanmu ta dama a ƙwarya, furar gero mai yaji-yaji da citta da kanumfari, nonon kuma mai kauri ba a tsinka shi da ruwa ba. Muka sha muka kama hanya.

Washegari sai Argungu, kuma a nan ne na fi so in ɗan daɗe. Mutane da yawa in an ce Argungu bikin kamun kifi kawai suke tunawa, sai kace garin kwana huɗu yake rayuwa a shekara. Gidan tarihin Kanta yana nan kullum, ginin ƙasa ne tun na 1831, shi ne fadar Sarkin Kabi har zuwa 1942 da aka koma sabuwar fada, a 1958 aka buɗe shi a matsayin gidan tarihi, kuma a cikinsa akwai kaburburan sarakuna. Sunan Muhammadu Kanta aka sa masa, wanda ya kafa daular Kabi a ƙarni na 16 ya gina Surame, wadda kufanta ke cikin jihar Sakkwato yanzu. Muka ga masu da takubba da kwari da baka da tambura da layu da kayan kamun kifi, mai yi mana bayani mutumin kirki ne bai gaji da tambayoyin yara ba. Ɗan ƙanwata ne ya yi tambayar da ta fi kowace, yace Kawu waɗannan makaman da wa aka yi yaƙi da su? Nace wasunsu da mutanen da muka je wurinsu jiya. Suka zaro ido. Nace eh, Kabawa da daular Usmaniyya sun shafe shekaru masu yawa suna gwabzawa, an zubar da jini ba kaɗan ba, amma a 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya tako har Argungu, Sarkin Kabi Muhammadu Sama ya tarbe shi aka yi masa gagarumin kamun kifi, daga nan bikin ya samo asali yadda muka san shi yau. Yanzu Gwandu da Argungu duk a jihar Kebbi suke tun da aka ƙirƙiro ta a 1991, ana auratayya ana cin kasuwa ɗaya. Edita a wannan zamani da muke ciki na zaman ɗar-ɗar da zargin juna, akwai darasin da yaranmu suka fi buƙata kamar su ga takobin da idonsu sannan su ji yadda aka mayar da shi kube?

Daga nan muka gangara Matan Fada, ruwan da ake bikin kamun kifi a cikinsa. Ba lokacin biki ba ne dan haka wurin shiru, ba ka ganin dubban masunta da gora da homa suna rugawa cikin ruwa, sai dai wani tsoho da muka tarar a bakin ruwa ya nuna wa yaran yadda ake kwanciya a kan gora a yi iyo hannu biyu riƙe da homa, ya kuma gaya musu wannan yankin ba a su a cikinsa sai lokacin biki, Sarkin Ruwa ne ke kula da shi, shi yasa kifin ke samun girma. Bikin nan hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun duniya a 2016, an daɗe ba a yi ba bayan na 2009 sai a 2020 aka dawo da shi, wanda ya zo na ɗaya a lokacin kifinsa kilo 78 ne. Baƙi daga ƙasashen waje suna biyan kuɗin jirgi su zo, mu da ke tafiyar kamar awa ɗaya a mota ba mu leƙawa, ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba.

Sai maganar kifi. Wallahi duk wanda bai ci kifin da aka kamo da safe aka soya a gabansa da hantsi ba bai san kifi ba tukuna. Wata baiwar Allah ce a bakin kasuwa da kaskonta, ga ƙarfasa ga tarwaɗa ga yankan giwan ruwa, man gyaɗa na ƙara, ta tsamo ta barbaɗa yaji ta yanka albasa a kai, ta naɗe mana a takarda. Fatar ƙarfasar ƙurus-ƙurus cikin kuma fari tas yana tururi, ɗana da a gida sai an yi da gaske yake cin kifi har ƙayar ya tsotse. Da dare kuma tuwon shinkafa muka ci da miyar kuka wadda aka sa wa bandar kifi, shinkafar ta fadamar garin ce ba a ɗauko ta daga wata uwa duniya ba. Na sayo banda na kawo wa uwargida tsaraba, har yau ana tambayata yaushe zan koma.

To ga abin da ke damuna. Yanzu a Birnin Kebbi sababbin wuraren zama na zamani sun fara yawa, masu sanyin esi da kujeru masu taushi, matasa na zuwa suna shan kofi da lemo suna cin shawarma suna ɗaukar hoto, ni ban ga laifinsu ba sana'a ce kuma suna da tsafta, wannan kam masu shayinmu ya kamata su koya, musamman wankin kofi da rufe burodi daga ƙuda. Amma na shiga wani daga cikinsu da wani baƙona da ya zo daga Legas, mutumin yace shi abincin Kebbi yake so ya ɗanɗana, aka duba takardar abinci daga sama har ƙasa babu fura, babu kunun gyaɗa, babu masa, babu kifinmu ko ɗaya, na ji kunya ƙwarai, sai da na fita da shi muka nemi mai tuwo a bakin titi. Jihar da ake alfahari da shinkafarta har aka yi haɗin gwiwa da Legas a kanta, jihar da ke da albasar Aliero da kifin Yauri da na Argungu, me zai hana mai irin wannan wuri ya zuba farfesun tarwaɗa a kwano mai kyau ya sa masa kuɗinsa? Baƙo ai abin da babu a garinsu yake nema.

Yauri da Zuru ban kai yaran ba wannan karon, Zuru kam saboda yanayin tsaron hanya ne, Allah ya kawo mana ƙarshen wannan masifa. Amma na taɓa zuwa shekarun baya, na ga bikin Uhola na Dakarkari, aka kuma kai ni Girmace inda kadoji suke, wurin da masu addinin gargajiya ke girmamawa. Ni Musulmi ne, kallo da jin tarihi ne suka kai ni, na tsaya inda aka ce in tsaya, ban taɓa abin da aka ce kar a taɓa ba, ban yi wa kowa dariya ba, su ma ba wanda ya nemi in yi abin da ya saɓa wa addinina. Maƙwabtanmu ne jiha ɗaya muke, sanin abin da suka gada bai rage min komai ba. Yauri kuma ko dan kasuwar kifi da kallon jirage a bakin kogin Kwara da bikin Rigata ya isa mutum ya je.

Roƙona ga masu ruwa da tsaki ba mai tsada ba ne. A samar da ɗan ƙaramin littafi da Hausa, na boko da na ajami, mai arha wanda uba zai iya saya wa ɗansa a ƙofar waɗannan wurare, a kafa alluna a tashoshin mota masu nuna hanya, a kula da ban ɗaki da ruwan sha saboda mata da yara, kuma gyaran da ake yi in biki ya matso a riƙa yinsa duk shekara. Dattawan nan da ke riƙe da tarihi a ka, irin tsohon da muka gani a Matan Fada, a naɗi muryoyinsu tun suna raye, wayar hannu ma ta isa wannan aikin.

Ni dai na riga na yi magana da shugaban makarantarmu da wasu iyaye, in Allah ya kai mu zangon karatu mai zuwa zamu yi karo-karo mu ɗauki bas biyu mu kai 'yan ajina Gwandu da safe mu wuce Argungu, kuma na yi wa dattijon nan mai shayi alƙawarin a teburinsa zasu karya, yace in gaya masa tun ana saura kwana biyu ya ƙaro burodi da benci.

Na gode Edita, Allah ya bar zumunci.

Naka mai karatu a kullum,
wani malamin makaranta daga Birnin Kebbi, jihar Kebbi.