Rahoton Kwamitin Gyaran Ɗakin Gwaje-gwajen Kemistiri na Babbar Sakandare

Kafin a taɓa ko bulo ɗaya, kwamiti ya zauna da malaman kemistiri, aka baje manhajar shekaru ukun nan, aka tsamo duk gwajin da ake so ɗalibi ya yi da hannunsa. Gwaje-gwajen sun kasu uku: auna ƙarfin asid da alkali da biyuret da fifet (bututun gilashi masu auna ruwa daidai), gano irin gishirin da ke cikin samfuri, da kuma waɗanda ke fitar da iska mai cutarwa irin su kilorin da amoniya. Wannan jerin muka miƙa wa magina, a kansa aka tsara komai.

Tsofaffin teburan katako ne, ruwa ya kumbura su, asid ya ci samansu. An zuba sababbi da kankare, tsayin kowanne santimita 90 domin a tsaye ake aiki, aka bar mita 1.2 tsakanin layi da layi, yadda mai ɗauke da kwalba zai wuce ba tare da ya bangaji na kusa da shi ba. An kawo shawarar a shimfiɗa marmara saboda kyau, muka ƙi. Marmara kalsiyam kabonet ce, ɗigon asid ɗaya ya faɗa mata sai ta yi kumfa ta bar rami. Farin tayil mai jure asid aka sa, aka cike tsakaninsa da efoksi, wani gam mai jure sinadarai, domin siminti ma asid na cin sa. Farin yana da wani amfanin kuma: a gwajin auna ƙarfin asid da alkali, a kansa ɗalibi ke ganin daidai lokacin da ruwan gwaji ya juya daga rawaya zuwa ruwan lemo.

Magudana ita ta fi cin aiki. Da aka tone daɓe, an tarar da bututun ƙarfe duk ya rarake, ruwan sinadarai na tsiyaya ƙarƙashin gini, shi ya sa bangon gefe ke jiƙa yana zubar da fenti. An cire shi gaba ɗaya, aka maye da bututun roba nau'in folifurofilin, da gangaren santimita 2.5 a kowace mita don kada ruwa ya kwanta a ciki. A waje an gina ƙaramin kwatami mai murfi, aka zuba tsakuwar kalsiyam kabonet a ciki, ta kashe kaifin asid kafin ruwan ya shiga babbar magudana. Tsakuwar tana raguwa, dole a leƙa ta duk ƙarshen zango. Kwatamin ba ya tace dalma ko azurfa, saboda haka ragowar gishirinsu a jarka ta musamman za a tara, ba a famfo ba.

Tukwanen gas sun koma waje, cikin keji mai shan iska. Bututun jan ƙarfe ya kai gas kowane tebur, da babban makunni guda kusa da teburin malami. An shafa kumfar sabulu a kowane haɗi, inda ya yi ƙwai aka sake ɗaurewa. Gas ɗin ya fi iska nauyi, idan ya yi yoyo ƙasa yake kwanciya, don haka aka huda kafofin iska a gindin bango.

Akwatin zuƙe hayaƙi yanzu yana jan iska kusan mita 0.5 a daƙiƙa a bakin gilashinsa, bututunsa ya zarce rufi. An sauke fankokin sama, domin suna karkatar da harshen wuta, suna kuma rikita ma'aunin nauyi. An ƙara tagogi masu fuskantar juna a madadinsu. Ƙofofi biyu ne, duka waje suke buɗewa. Akwai famfon wanke ido da zai iya zuba na minti 15 ba yankewa, da bargon kashe wuta, da bokitin yashi saboda sodiyam, wanda ruwa ke ƙara wa wuta.

A ma'ajiya mun tarar da farar ƙura ta lulluɓe kwalabe. Amoniyam kiloraid ce, tana samuwa idan aka ajiye asid haidrokilorik kusa da amoniya tururinsu ya haɗu. An raba musu kabad. Asid naitirik ma an ware shi daga asid asetik da sauran masu kama wuta. Manyan kwalabe a ƙasa suke, silba naitiret (gishirin azurfa) a kwalba mai duhu saboda haske na lalata shi, sodiyam haidiroksaid kuma a kwalbar roba, domin yana liƙe murfin gilashi.

An girka na'urar tace ruwa ta hanyar turara shi. Ruwan famfo yakan ƙunshi kiloraid, da an ɗiga masa silba naitiret sai ya yi fari, ɗalibi ya rubuta cewa samfurinsa na da kiloraid alhali babu. Muna roƙon hukumar makaranta ta ɗora wa ma'aikacin ɗakin alhakin gwada ruwan da silba naitiret kafin kowane darasi, da kumfar sabulu a bututun gas farkon kowane zango, ya rubuta sakamakon a littafin da muka bari a ma'ajiya.