Godiya ga mai hoton da ya zauna a ƙasa bayan raga

Assalamu alaikum Malam, da kai da yaran shagonka.

Na so in faɗa maka wannan baki da baki ranar da na zo karɓar firem, sai na tarar ka fita aiki. Shi ne na ce bari in rubuta a inda kowa zai gani. Na sha kushe masu sana'arku a bainar jama'a, don haka in yabo ya kama, a bainar jama'ar ya kamata in yi shi.

Gara in faɗi gaskiya, ban zo maka da kyakkyawan zato ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Bara, ranar da 'yata ta karɓi kyauta a makarantarsu, mai hoton da aka ɗauko bai iso ba sai da aka kira sunanta, ta hau, ta sauko. Da na yi magana sai ya ce ai ba komai, ta zo bayan aji ta riƙe takardar ta yi murmushi. Da hotunan taron suka fito, manyan baƙi ne daga farko har ƙarshe, wannan yana gyara zama, wancan yana duba waya. Yaran da aka tara mu dominsu kuwa sai ƙeyarsu. Kafin shi akwai wanda ya yi wata uku yana ce mini gobe, jibi, daga ƙarshe ya ce katin memori ne ya lalace. Ya faɗe shi kamar mai ba da labarin an yi yayyafi jiya, ko haƙuri bai ba ni ba. Ba zan kama sunan kowa ba, sun san kansu.

Saboda haka da kocin su ɗana ya ce ya kira mai hoto don wasansu na ƙarshe, na ce a raina an sake. Na je fili da wuri don yaron nawa gola ne, ba ya son ya makara. Sai na tarar da kai a can, saura kusan awa guda a take wasa, kana zagaya fili kai kaɗai kana kallon sama. Na ɗauka wani abu ka yar. Ashe rana kake dubawa, inda take da inda za ta koma bayan an dawo daga hutun rabin lokaci, don ta tsaya a bayanka ta haska fuskokin yara. Da aka busa usur, mu muna inuwa, kai ka zauna dirshan a ƙasa can gefen raga da wannan dogon madubin kyamarar taka mai jawo nesa kusa. Na aika maka da kujera ka mayar, ka ce: "Hajiya, in na tsaya, daga sama zan ɗauke su, su fito ƙanana. Daga nan ƙasa kuwa kowannensu zai fito babban ɗan wasa."

An ci su ɗana biyu da ɗaya. Ya yi kuka a mota har gida. Kwana biyar bayan haka hotuna suka zo, cikinsu har da na bugun fenaretin da ya ture kafin a ci su ta biyu. Ga shi a iska, duk ƙafafunsa sun bar ƙasa, yatsunsa uku a jikin ƙwallo, ƙurar da ya tayar ta tsaya cak kamar an zana ta. Ni da na ɗauka da wayata a daidai wannan lokacin, abin da na samu wata inuwa ce dishi-dishi mai safar hannu. Da na tambaye ka sirrin, ba ka yi mini irin ta wasu ba, da sai su ce aiki ne na masu ilmi. Ka ce kyamara ido ce mai ƙiftawa: in yaro na gudu ko tsalle, dole ta buɗe ta rufe cikin kashi ɗaya bisa 1000 na daƙiƙa, waya kuwa da zarar haske ya ragu sai ta daɗe a buɗe, kamar kashi ɗaya bisa 30, a wannan ɗan tsakanin yaro ya riga ya bar inda yake. Yaron nan da ya ce ya daina ƙwallo, yanzu hoton ne a fuskar wayar babansa, kuma ya koma atisaye.

Abin da ya fi taɓa ni ma ba hoton ɗana ba ne. Ka ɗauki yaran benci da ko minti ɗaya ba su buga ba. Ka ɗauki ƙaramin da ke kai musu ruwa. Uwarsa ta kira ni tana tambaya wa ya biya kuɗin nasa, na ce babu, a cikin aikin yake.

Sai maganar kyanwa, wadda har yanzu ina jin nauyin faɗarta. Baƙa ce wuluk, ta marigayiya mahaifiyata, ta shekara 14 a hannunmu. 'Yata ta matsa sai an ɗauke ta hoto na kirki, don duk wanda muka ɗauka sai ta fito kamar dunƙulen gawayi mai fitilu biyu. Na yi ta jan ƙafa, ina tunanin yadda zan dubi magidanci in ce ya zo gidana ya ɗauki mage. Ko dariya ba ka yi ba, ka ce aikinku ne na kullum, jiya ma kare kuka ɗauka, ka turo mini yarinyar nan mai taya ka aiki.

Malam, wannan yarinya ka riƙe ta da kyau. Ta shigo ta gaishe ni, ta ajiye jaka, ba ta ko ciro kyamara ba sai da kyanwar ta gama shinshina ta. Na ce ta kunna filasha don ɗakin da duhu, ta ce: "A'a Mama, zai firgita ta, kuma a can bayan idon mage akwai wata fata mai sheƙi kamar madubi da ke mayar da haske. Ita ke taimaka mata gani da dare, ita ce kuma ke sa idon ya fito kamar tocila a hoto." Ta ɗage labule, ta kwanta rub da ciki kusa da taga. Ta bayyana wa 'yata cewa kyamara in ta ga baƙi da yawa sai ta ɗauka duhu ne, ta ƙara haske har baƙin ya koma toka-toka, in ta ga fari da yawa kuma ta rage, shi ya sa mai fararen kaya fuskarsa kan fito da duhu in mai hoton bai gyara da hannunsa ba.  Minti arba'in tana kwance a ƙasa, ni har na gaji na tafi sabgata, kafin kyanwar ta ga dama ta ɗago kai.

Wata biyu bayan nan kyanwar ta mutu. Cikin satin kuma wayata ta faɗa ruwa, komai ya tafi. Na zo shagonku ba tare da sa rai ba, don na san amsar da aka saba ba ni. Yarinyar ta ba ni kujera, ta tambaye ni wata da rana, ta shiga kwamfuta. Ina zaune ina kallon wani tsohon hoto da kuka manna a bango, jerin hotunan doki yana sukuwa. Ta ce na wani Bature ne, Eadweard Muybridge, da ya jera kyamarori a Amurka a 1878 don ya nuna cewa akwai lokacin da duk kofato huɗun doki ke barin ƙasa. Ban gama kallo ba ta ce: "Mama, ga ta nan." Ta ce a wuri biyu kuke ajiye kowane aiki, ko ɗaya ya lalace ɗaya na nan. Ta turo wa babansu ta WhatsApp a matsayin fayil, don in an tura a matsayin hoto manhajar tana matse shi, in an zo wankewa babba sai ya farfashe. Ba ta karɓi komai ba sai kuɗin wanki da firem. Na yi hawaye a gabanta, ta yi kamar ba ta gani ba.

Laifinku ɗaya, firem ɗin ya ƙara kwana biyu a kan alkawari. Amma ku kuka kira ni tun kafin ranar kuka faɗa mini, ban taso na yi zirga-zirgar banza ba.

Wannan kiran na minti ɗaya shi ne abin da na rasa a wurare da yawa, kuma ba masu hoto kaɗai ba. Yanzu kowa ya sayi kyamara mai tsada ya buga kati ya zama gwani, kamar yadda kowa ya sayi keke ya zama tela. A karɓi kuɗin mutum da fara'a, ranar karɓar aiki waya a kashe. In ka yi ƙorafi a ce ka cika mita. Idan kuma aikinka ƙarami ne, wasan yara ko dabbar gida, sai a nuna maka alfarma ake yi maka, ana jiran babban taro mai manyan baƙi. Har mun saba, mutum ya cika alkawari mu riƙa mamaki kamar ya yi abin al'ajabi.

Kocin ya ce 'yan mata ma za su fara nasu wasan wata mai zuwa, 'yata na ciki. In ba za ka damu ba, ina roƙon ka turo mana yarinyar nan, ka ba ta aron dogon madubin.

Allah ya yi wa sana'a albarka, ya ƙara buɗi.

Taku,
Mahaifiyar gola