Wasiƙa zuwa ga ɗana kan katakon takalmin da yake son ƙerawa

Assalamu alaikum ɗana, da fatan kana lafiya, ya aiki ya zafin Yamai. Mu nan Maraɗi lafiya lau, innarka da ƙannenka duk suna gaishe ka.

Na ga hotunan da ka turo ta WhatsApp, na kuma saurari vokal ɗinka har ƙarshe. Wallahi na ji daɗi ƙwarai, don ban zaci bayan ka tafi koyon kafinta da walda hankalinka zai sake dawowa kan takalmi ba, sai ga shi ka zauna ka zana katakon da ake sa wa takalmi a ciki, wanda za a iya ƙara mishi tsawo a rage. Abu ne da ake buƙata kuma ba mu da mai yin shi nan kusa. Amma tunda ka ce in faɗa maka gaskiya, to zanen nan naka in ka fitar da shi haka zai ɓata takalman mutane, kuma dalili shi ne ka ɗora wa katako guda aiki uku.

Ka san fom da muke ɗinka takalmi a kanshi, wannan daban yake, shi ake jan fata a kai a kafe da ƙusa har ta ɗauki siffa. Akwai na buɗa takalmin da ya matse ƙafa, shi kuma ƙarfi ake so gare shi, ana murɗa shi a hankali yana tura fata. Sai na uku wanda kake son yi, shi aikinshi kawai ya riƙe takalmi yadda yake bayan an cire ƙafa. Ba ja ba, ba turawa ba, riƙewa. Kai kuma ka sa mishi resor, wato naɗaɗɗen ƙarfen nan da ke dawowa in an danne shi, mai kauri wanda na gani a hoto sai an sa hannu biyu kafin a danne shi. Resor irin wanga ba ya gajiya, dare da rana yana tura dunduniya baya yana tura baki gaba, fata kuwa in ta sha zufa laushi take yi ta bi duk inda aka ja ta, bayan 'yan watanni mai takalmi zai ga dunduniyarshi tana fita in yana tafiya, ba zai ce zufa ba ce, cewa zai yi katakon ɗan wane ne ya lalata mishi kaya. Ka tuna yadda maɗori ke ɗaure karaya da karare, yana tsaida ƙashi ne inda ya dace ya zauna, in ya matse fiye da kima ciwo yake ƙarawa. To haka nake son ka ɗauki abin.

Abin da ke faruwa da takalmi shi ne ƙafa tana zufa yini guda, fata da shafin ciki su sha, in an cire an aje sai ya bushe a lanƙwashe, baki ya ɗaga sama, layin da ke bisa yatsu ya ƙara zurfi, daga nan tsagewa take farawa. Mu kuma garinmu ka san shi, hunturu ya busar da komai ƙayau, watan Afrilu da Mayu zafi ya wuce digiri 40, damina ta zo da laima. Shi ya sa ake son a sa katakon da an cire takalmi tun yana da ɗumin ƙafa, a bar shi ya huta kwana guda kafin a sake sa shi. Wannan ka riƙa faɗa wa duk wanda ya saya, don wanda ya bar takalmi ya bushe a murɗe sannan ya cusa katako da ƙarfi bai yi komai ba.

Yanzu batun ƙara tsawo, nan nake son ka natsu. Lambar takalmin da muke amfani da ita, irin ta Faransa, tsakanin lamba da lamba kashi biyu cikin uku ne na santimita, wato lamba uku santimita 2 ke nan cif. Lamba 42 fom ɗinta santimita 28 ne, 39 kuma 26. To tunda haka ne me zai kai ka ga resor mai ƙarfi? Ka samu ƙarfe mai faɗi ka huda mishi ramuka jere, tazarar kowane rami daidai da lamba guda, ka sa ɗan fil da za a cire a maida, ka buga lambar kusa da kowane rami yadda ko wanda bai yi lakwal ba zai gane. Ko ka yi da ƙarfe mai zare da noti mai kunne, a murɗa da yatsa har ya taɓa dunduniya a tsaya. Ni na fi son mai ramukan don mai zare yana sa mutum ya yi ta murɗawa yana ganin kamar ƙara matsewa ƙara kyau ne. In ma za ka sa resor to ɗan ƙarami, wanda zai ba da kamar rabin santimita don a samu shigar da katakon da fitar da shi, wanda yaro zai iya dannewa da hannu guda.

Kuma maganar da ka yi cewa guda ɗaya zai yi wa kowa daga 38 har 46, ka bar ta. Takalmi in ya ƙara tsawo yana ƙara faɗi da tudu, kan katakon, wato ɓangarenshi na gaba, da ya cika bakin 45 ba zai shiga 39 ba, wanda ya shiga 39 kuma yawo zai riƙa yi cikin 45 layin bisa yatsu na nan yadda yake. Ka yi kai iri uku, ƙarami da matsakaici da babba, kowane ya ɗauki lamba uku. Na san aiki ya ƙaru, amma shi ne gaskiyar abin. Sannan hagu daban dama daban, kar ka yarda wani ya ce maka a yi su iri ɗaya don sauƙi, gefen babban yatsa ya fi miƙewa ya fi tudu, gefen ƙaramin yatsa yana gangarowa.

Kan nan ka tsaga shi biyu a tsaye, ka bar ɗan wuri tsakani mai siffar weji yadda in an tura daga baya ɓangarorin za su ɗan buɗe su taɓa gefe da gefe. Wanga yana da amfani gare mu musamman, don mutanenmu da yawa da silifa da takalmin fata buɗaɗɗe suka tashi, ƙafarsu shimfiɗaɗɗiya ce gaba, takalmin da suka sa shekara guda ya riga ya buɗe ya bi ƙafarsu. In ka kwafi siririn kai irin na takalman Italiya da kake gani a intanet ba zai cika shi ba. Ka ɗauki takarda da biro ka zana ƙafar abokan aikinka da maƙwabta, a tsaye ba a zaune ba, da yamma lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, ka auna kewayen wajen gaɓar yatsu da mitar tela. Daga nan za ka fidda naka kan.

Dunduniya kuwa ita ce na fi jin tsoro a zanenka. Ka yi ta ƙarama kamar ƙwallo. Duk nauyin turawa zai taru wuri guda, ya huda tauri na bayan takalmi ya bar ƙulli, kuma bayan takalmi in ya karye ba ya komawa, sai an farke an sa sabo. Ka yi ta da faɗi, ta cika bayan daga ƙasa har kusa da baki, ka goge kaifin duka, ka bar ɗan mariƙi sama na cirewa.

Sai ƙarfen da za ka yi aiki da shi. Kai ɗan gidan dukawa ne, ka san da me muke yin kuloko, tsatsar ƙarfe ce ake jiƙawa, da ta taɓa fatar da aka jeme da bagaruwa sai ta koma baƙa nan take kuma ba ta fita. To ka yi tunanin baƙin ƙarfe cikin takalmi mai zufa, a ce jan takalmi ne ko mai ruwan ƙasa na ango. Ka nemi inoks, ƙarfen da ba ya tsatsa, ko tagulla ko alminiyom, in tsada ta hana to ka tabbata ƙarfen ya nutse cikin itace ba inda zai taɓa fata, kan ƙusa ma ka binne shi.

Itace, Turawa da sida suke yi, wani jan itace mai ƙamshi na Amurka, don yana shan laima yana kashe wari. Mu ba sai mun jira shi ba. Dogon yaro yana ko'ina, ƙwari ba su cika son shi ba kuma yana gyaruwa da kyau in ya bushe. Maɗaci ya fi kyau da santsi in ka samu guntaye wajen masu kujeru a kasuwar Katako, tunda abin naka ƙanana ne ragowar da suke zubarwa ma ta ishe ka farawa. Amma ka jiƙa ɗan gutsure ka ɗora kan farar fata ka gani ko yana zubar da launi kafin ka yi da yawa. Ɗanyen itace kar ka kusance shi, zai tsage da hunturun farko. Gawo kuma ka bar shi a gona inda yake da amfani, kar ka sa kanka rigima da ma'aikatan gandun daji, kar kuma ka sayi wanda ka san saro shi aka yi a ɓoye. In ka gama ka bi shi da sanfefa har ya yi sumul, kar ka shafa mishi verni ko fenti. Na san mai ƙyalli ya fi jan ido a kanti amma verni toshe itacen yake yi ya hana shi shan zufa. Ka rarake ƙasan kan kaɗan ka huda ramuka biyu ko uku, zai rage nauyi iska kuma ta samu hanya.

Na bot mai dogon wuya ban ga ka zana ba, alhali nan ne nake ganin kasuwa. Sojoji da jandarma da 'yan sanda cikin ranjas, bot ɗin soja, suke yini, ga masu hawan doki da ke fiddo dogayen takalmansu da sallah su maida cikin buhu sai wata shekara, su tarar wuyan ya karye ya kwanta. Tsohuwar dabara ita ce gida uku, ɗaya na gaban ƙwauri, ɗaya na sha-raɓa, sai na tsakiya mai siffar weji da ake zurawa daga sama, iya zurfin da ka tura shi iya buɗewar da zai yi. Ba resor ba noti, ba abin da zai lalace. Ka fara da wanga.

Masu sayenka na farko ina ganin 'yan bosho ne masu sayar da kayan gwanjo, don takalmi yana fitowa daga dila a matse a murɗe, in suka ɗan jiƙa shi suka sa katako ya kwana ya miƙe kuɗinshi ya ƙaru, su ba sai ka yi musu dogon bayani ba. Sai masu wankin takalmi da masu gyara. Amma ka gaya musu gaskiya tun farko, takalmin roba da na leda mai kama da fata ba ya ɗaukar siffa kamar fata, wani ma ɓarewa yake yi. Kuma in wani ya zo yana son ka mai da mishi 41 ta koma 43 ka ce ba ya yiwuwa, faɗi ana iya samun kaɗan, tsawo kuwa tafin takalmi ya riga ya yanke magana. Wanda ruwan sama ya jiƙa sharkaf a fara cusa mishi takarda ya tsane a inuwa, ba rana ba ba kusa da wuta ba, sannan katako.

Abin da ya sa na zauna na rubuta duk wannan, jar akuyar Maraɗi duniya ta san fatarta, tun 1963 aka buɗe mata cibiyar kiwo a garin nan, amma har yau yawancin fatun ficewa suke yi ta Dan Isa da Jibiya zuwa Kano, mu kuma mu sayi takalmin waje. Dukawanmu hannu gare su, kayan aiki ne ke ba su wahala, fom ɗin da yawancinmu ke aiki da shi tsoho ne da aka gada ko aka sayo na hannu. In hannunka ya faɗa da wanga katako, gaba fom za ka sassaƙa muna daidai ƙafar mutanenmu, wannan shi ne burina gare ka.

Kar ka ci bashi ka sayi inji yanzu. Ka yi ƙafa biyar ko shida da hannu, ka kai wa masu aikin fata na Wadata su gwada su faɗa maka aibinshi, ka saurare su ko maganar ta yi ɗaci, kar ka yi musu gardama don sun girme ka a sana'ar. Ka aiko min ƙafa guda lamba 42 da na bot guda ta motar Rimbo, ka kira ƙanenka ya je gar ya amsa, zan sa su cikin takalman da ke shago in bar su sati biyu in ga abin da za su yi wa dunduniya.

Ka riƙe sallah a kan lokaci, ka gaida maigidanka da kyau ka ce ina godiya da riƙon da yake maka. Allah shi yi maka albarka, shi sa wa hannunka albarka.

Babanka, daga Maraɗi.