A Gama Shari'a Kafin A Rantsar: Amsa Ga Matashin Da Ya Tambaye Ni

Assalamu alaikum, ɗana.

Ran Asabar ka bugo waya a shirin rediyon da aka gayyace ni, ka ce: "Baba, da za a ce ka gyara abu ɗaya tak tsakanin majalisa da zaɓe da kotu, wanne za ka ɗauka?" Lokaci ya ƙure ban ba ka amsa mai gamsarwa ba, abin ya tsaya mini a rai, shi ya sa na ɗauko alƙalami.

Abin da zan ɗauka shi ne kada a ƙara rantsar da kowa sai an gama shari'ar zaɓensa. Wannan gyara ɗaya ya taɓa duka ukun da ka lissafa.

Ka tuna ranar 20 ga Satumba, 2023, da kotun ƙararrakin zaɓe ta soke ƙuri'u 165,663 na Gwamna Abba Kabir Yusuf ta ce ba shi ya ci ba. Aka sa dokar hana fita ta awa 24 a Kano. Maƙwabciyarmu mai ƙosai ta riga ta jiƙa waken gobe, haka ya kwana ya wuni a roba har ya yi tsami, da idona na ga tana zubar da shi a kwata. Kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar da hukuncin a Nuwamba, sai 12 ga Janairu, 2024 Kotun Ƙoli ta dawo masa da kujerarsa. Fiye da wata bakwai bayan rantsuwa, daga ma'aikaci har ɗan kwangila babu wanda ya san wa zai wayi gari yana gwamna. Ko wace jam'iyya kake yi, ka sha wannan zaman ɗar-ɗar. Namu ma da sauƙi: a Anambra, Chris Ngige ya yi kusan shekara uku a kan mulki kafin kotu ta ce a 2006 Peter Obi ne ya ci zaɓen 2003.

Matsalar a lissafi take. Tsarin mulki ya ba mai ƙara kwana 21 ya shigar, ya ba kotun farko kwana 180, kowane ɗaukaka ƙara kuma kwana 60. Shi dai wannan tsarin mulkin ya hana a yi zaɓe fiye da kwana 150 kafin wa'adi ya ƙare. Ta yaya wannan zai shiga cikin wancan? Dole a rantsar da mutum ana cikin shari'a. Daga nan baitulmali na hannunsa, jiniya na gabansa, wanda ya kai shi ƙara kuwa yana sayar da fili don ya biya lauya. Alƙalin ma ɗan'adam ne, ya san tsige mai ci ba kamar hana wanda bai hau ba ne.

A Kenya kwana 14 kacal Kotun Ƙoli ke da su ta yanke ƙarar zaɓen shugaban ƙasa, kuma sai ta yanke ake rantsarwa. Haka ta soke zaɓen Uhuru Kenyatta a Satumban 2017 aka sake. Na san za ka ce rumfunan zaɓenmu sun haura 176,000, kwana 14 ba za su isa ba. Gaskiyarka. To, a riƙa yin zaɓen da wuri, a rage kwanakin kotu, sannan a ɗora wa hukumar INEC nauyin tabbatar da cewa ta bi doka, tunda takardun da na'urar tantance masu zaɓe ta BVAS duk a hannunta suke. Yanzu mai ƙara ake sa wa ya yi ta jigilar shaidu rumfa-rumfa har lokaci ya cinye shi.

Ba ni na fara faɗa ba. Kwamitin Mai Shari'a Muhammadu Uwais, wanda marigayi Umaru 'Yar'aduwa ya kafa bayan ya amsa da bakinsa cewa zaɓen 2007 na da naƙasu, ya ba da shawarar a gama shari'a kafin rantsuwa da ta ɗora wa INEC wannan nauyi tun Disambar 2008. Abin yana yi mini ciwo ƙwarai, don yaran da aka haifa a shekarar yau sun zama samari.

Wuƙa da nama na hannun majalisa. Sai kashi biyu bisa uku na sanatoci 109 da wakilai 360 sun amince, sannan majalisun jihohi 24 cikin 36 su biyo baya. Da yawansu kuwa sun taɓa zama kan kujera ana shari'arsu, sun ɗanɗana daɗin tsarin, ba za su motsa da kansu ba.

Don haka ga roƙona gare ka da abokanka. Duk ranar da ɗan majalisarku ya zo ɗaurin aure ko ta'aziyya a unguwa, ku gaishe shi da ladabi, sannan ku tambaye shi a gaban jama'a ko zai kaɗa ƙuri'ar a gama shari'a kafin rantsuwa. Ku rubuta amsar da ya bayar da ranar da ya bayar, ku kawo mini, zan karanta ta a wannan shirin da ka kira ni.

Allah ya yi maka albarka.
Babanka a unguwa.