Wasiƙa daga Mararrabar Jos

Aminiyata,

Assalamu alaikum. Ya maigida da yara? Ke dai tun da Legas ta karɓe ki kika manta da mu, ko gaisuwar Sallah sai da Goggo ta yi miki tuni.

Albishirinki! Magajiya ta bar mu mun shiga gidan nan na bayan tasha. Wata takwas muna sallama ana ce mana ba kowa. Ba rigar aikinmu ce ta buɗe ƙofar ba, wata daga cikin matan ce da ta yi shekara huɗu tana shan maganin ƙanjamau, ta tsaya a tsakar gida ta ce, "Ku dube ni, na yi kama da mai mutuwa?" Sai ga su suna fitowa ɗaya bayan ɗaya. Mun ba su abin gwajin ƙanjamau ɗin nan da ake gogawa a dasashi, kowacce ta shige ɗakinta, minti 20 ta ga sakamakonta ba idon kowa a kanta. Wata yarinya ta fito hannunta na rawa, ta riƙe gefen mayafina har muka isa asibiti aka sake gwadawa. Da na koma gida kuka na yi.

Direbobin tirela kuwa sai ta hannun mai shayi. Kwalin kwaroron roba na nan ƙarƙashin teburinsa, bayan gwangwanayen madara, mai so ya ɗauka ba tambaya.

Af, kin ji Kano sun yi dokar gwaji kafin aure tun 2024? Shi ya sa ƙanin mijin Yaya ya yi ta zullumi, amma lafiya lau, an sa rana bayan azumi. Anko atamfa ce, kada ki ce ban faɗa miki ba.

Abin da ke hana ni barci shi ne ƙwayar kariyar nan, PrEP. Tun da Amurka ta dakatar da tallafi a Janairun 2025 samunta ya yi wuya. Mun sha wahala kafin matan su yarda mai lafiya ma zai iya shan magani kullum don kada ya kamu da ƙanjamau, yanzu su ke tambaya, mu muna sunkuyar da kai. An ce akwai allurar da ake yi sau biyu a shekara. Don Allah ki tambayar mini a asibitinku ko ta iso.

Ki gaida Inna, ki ce kukar miyarta na hanya.

Taki har kullum.